Tumbi ya tafi, fara'a ta bi shi

Ranar wata Asabar da hantsi matar yayana ta kira ni. Tsakanina da ita wasa ne, in ta kira takan fara da "mijina, ka guje ni ko?" Ran nan ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Don Allah ka zo ka ga yayanka. Ni dai wannan mutumin da ke gidan nan ban san shi ba."

Na same shi a tsakar gida kan tabarma, ya jingina da bango. Ga sabon takalmin gudu a gefensa, ga kwanon silba da yankakken kabeji da gurji, ko gishiri ba a barbaɗa ba. 'Yar autarsa mai shekara biyar tana leƙe ta bayan labule, ta ƙi fitowa ta gaishe ni. Ashe da safe kofi ne ya suɓuce mata, na roba ma ba na tangaran ba, ya daka mata tsawar da sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Wannan fa mutumin da duk gidanmu ake misali da sanyin halinsa, wanda yara ke hawa gadon bayansa yana nafila.

Da na bi ba'asi, kwana goma sha biyu ke nan da likita ya auna shi ya ce sukarin jininsa ya fara hawa, jinin ma ya ɗan hau, ya kamata ya rage tumbi. Yaya ya dawo gida ya yanke hukunci a dare ɗaya. Ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba shayi, ba lemon kwalba. Goron da ya shekara ashirin yana ci ma ya ajiye. Bayan asuba sassarfa, bayan la'asar gidan ɗaga ƙarfe. Kilo uku ya sauka, yana nuna wa kowa a sikeli. Amma ba ya barci, ya daina zuwa majalisa, kuma ranar Alhamis matarsa ta same shi zaune a mota a ƙofar gida, ya kashe inji, ya fi rabin awa bai shigo ba. Da ta tambaye shi lafiya, ya ce shi ma bai sani ba, kawai duniyar ce ta yi masa baƙi.

Halin da na same shi a ciki ya dame ni, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne amsoshin da ya samu da ya yi ƙorafi. Yaron da ke horar da su ya ce masa, "Alhaji ka daure, kitsen ne yake kuka." Wani dattijo a masallaci ya ce ya ƙara istigfari. Matan dangi kuwa har sun gama lissafi: takalmin gudu, rage tumbi, fushi da uwargida, ai aure zai ƙara. Babu wanda ya faɗa masa abin da ke gaban idon kowa, wato mutum ne mai jin yunwa, wanda ba ya barci, wanda aka raba shi da goro da shayi da abokan hira duk a rana ɗaya.

Ra'ayina shi ne, ƙunci da saurin fushi da ke biyo bayan sauya abinci da fara motsa jiki farat ɗaya abu ne na gaske, daga jiki yake fitowa, kuma ya kamata mu ɗauke shi a matsayin gargaɗi. Duk tsarin rage ƙibar da ya sa 'ya'yanka suke ɓuya in sun ji motsinka, akwai gyara a cikinsa, ko kilo nawa ya sauke maka. Kuma masu ɗora mutane a kan irin wannan tsari, daga likitan da ya ce "ka rage" ya kira na gaba, zuwa mai tallan shayin rage teɓa a waya, suna da alhaki in ba su faɗa wa mutane cewa zuciya ma za ta taɓu ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bayarwa, kuma abincin da ta saba da shi sukarin da ke cikin jini ne. Mu kuwa kusan duk abincinmu daga hatsi yake: koko da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwo da dare. Ranar da ka datse waɗannan gaba ɗaya, ɗan abin da hanta ta ajiye ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu. Jiki zai koma ƙona kitse, gaskiya ne, amma sai ya ɗauki kwanaki kafin ya saba. A tsakanin nan ne ake fama da ciwon kai, jiri, kasala da mantuwa, ka ga mutum an yi masa magana sau biyu bai ji ba, ta uku ya hau faɗa.

Kilo ukun da Yaya ke alfahari da su ma, yawancinsu ruwa ne. Duk giram ɗaya na wannan ajiyar sukari yana riƙe da kusan giram uku na ruwa, in ajiyar ta ƙare ruwan ya fita ta fitsari, gishirin jiki ya bi shi. Ka haɗa wannan da gudu a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Sai goro. Mun ɗauke shi abin taunawa kawai, alhali sinadarin kafin da ke cikin gahawa da ganyen shayi yana cikinsa. Wanda ya saba da shi ya bari lokaci guda, cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai fara, da hamma, da mutuwar jiki, da jin haushin kowa, kuma abin yana iya kai kwana tara. Duk wanda ya taɓa zama da tsohuwar da goronta ya ƙare ya san wannan ba sai likita ya faɗa ba.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, ƙarƙashin wani masani Ancel Keys. Samari 36 ne lafiyayyu suka ba da kansu don a gano abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam, saboda a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yaƙin duniya na biyu ya bari da yunwa. Wata shida ana ba su kusan rabin abincin da suka saba, wajen kalori 1,570 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma dole su yi tafiyar ƙafa ta kimanin kilomita 35 a mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne halayensu. Samarin da suka shigo da raha suka koma masu ƙunci da ƙyamar mutane, ba sa son hira, sha'awar mata ta mutu, ba abin da ke ransu sai abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki suna kallon hotuna, wasu suna lashe faranti. Ɗaya daga cikinsu ya sare yatsunsa uku da gatari.

Na san za a ce wannan ai yunwa ce ta gaske, ba rage ƙiba ba. To a duba adadin. Jadawalin abincin da ake turawa mata a WhatsApp, wanda ake cewa ki bi ki sauke kilo goma kafin biki, da yawa kalori 1,200 ne ko ƙasa da haka. Wato ƙasa da abin da aka ba waɗancan samari da sunan gwajin yunwa. Jiki bai san niyyarki ba. Bai san anko kike so ya zauna miki ba, shi dai ya ga fari ya zo.

"Ai motsa jiki ma maganin damuwa ne"

Haka ne, ban musa ba. Bincike mai yawa ya nuna tafiyar ƙafa, sassarfa da ɗaga nauyi suna rage ciwon damuwa, likitocin ƙwaƙwalwa ma suna ba da shawarar a yi. Gyaran abinci shi ma haka. A Ostareliya an wallafa wani gwaji a 2017 da aka yi da mutum 67 masu ciwon damuwa. Waɗanda aka taimaka musu suka gyara cimarsu na mako 12, kusan kashi ɗaya cikin uku sun samu sauƙi sosai, a ɗaya rukunin kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Sai dai a lura da irin gyaran da aka yi musu. Ƙara musu aka yi: ganye, wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba, kifi, 'ya'yan itace. Ba a bar su da yunwa ba. Motsa jikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba babba shawara kuma minti 150 zuwa 300 ne a mako, na matsakaicin ƙarfi, irin tafiyar da za ka iya yi kana magana. Minti talatin sau biyar a mako ya kai ka. Yaya kuwa, mutumin da shekara goma sha biyar tafiyarsa ba ta wuce daga mota zuwa ofis ba, ya fara da awa biyu kullum a kan cikin da babu komai sai kabeji. Magani ma in an zarce ƙa'ida guba ne.

Ga kuma barci, wanda ba wanda ke sa shi a lissafi. Mai jin yunwa ba ya barci mai nauyi. Ya kwanta sha biyu yana juyi, ya tashi huɗu da rabi, bayan asuba maimakon ɗan komawar da ya saba sai ya ɗaura takalmi. Ka hana kowane mutum barci na mako biyu, ko waliyyi ne, ka ga yadda zai amsa sallama.

"Muna azumin wata guda ba mu haukace ba"

Wannan ce hujjar da na fi ji, kuma ina ganin ita ce ta fi goyon bayana.

Da farko, mu faɗa wa kanmu gaskiya game da kwanakin farko na Ramadan. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Ƙofar Nasarawa ko kasuwar Rimi da ƙarfe biyar na yamma a azumin farko ya san yadda zukata ke kusa. Ba don haka ba, me ya sa Annabi (SAW) ya koyar da cewa in wani ya zagi mai azumi ko ya neme shi da faɗa, ya ce "ni mai azumi ne"? Addini ya san yunwa tana taɓa hali, shi ya sa ya ba mu abin faɗa.

Sannan a dubi yadda aka tsare azumin ta kowane gefe. An ce a yi sahur, akwai albarka a cikinsa. An ce a gaggauta buɗa baki. An hana ɗore azumi kwana da kwanaki ba tare da an sha ruwa ba. An ɗauke wa marar lafiya da matafiyi, an sassauta wa mai ciki da mai shayarwa. Yana da ranar farawa da ranar gamawa. Uwa uba, gari gaba ɗaya ake yi tare: ladan ya kira, kowa ya kai dabino baki, maƙwabta su aiko da kunu. Mai rage ƙiba kuwa shi kaɗai yake azuminsa, ba sahur, ba ranar salla, ga ƙamshin miyar kuka da man shanu yana tashi daga tiren da 'ya'yansa suka kewaye.

Dattijon da ya ce Yaya ya ƙara istigfari bai faɗi mugun abu ba, istigfari ba ya yawa. Amma da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, Annabi (SAW) ce masa ya yi ya yi azumi ya kuma sha, ya yi salla ya kuma yi barci, domin jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa tana da haƙƙi. In an taka wa mai ibada burki saboda haƙƙin jiki da na iyali, ina ga mai neman rage tumbi?

Abin da aka cire ba abinci kaɗai ba ne

A nan nake ganin masu kwafo jadawalin abinci daga intanet suka fi yin kuskure, don sun ɗauka cin abinci lissafin kalori ne. A wurinmu kuwa tire ɗaya ake sa wa hannu. Majalisar da Yaya ya daina zuwa, ba don ya yi faɗa da kowa ba ne. A can ne ake aiken yaro ya karɓo shayi haɗin kauri da tsire bayan isha, shi kuma ya gaji da cewa "na ƙoshi" ana yi masa dariya. Sai ya zauna a gida. Wurin da ya shekara da shekaru yana sauke gajiyar ofis da kukan kuɗin makaranta ya rufe, ba a buɗe masa wani ba.

Na mata ya fi tsanani. Ki ɗauki matar da tun asuba take tsaye: wanka da shirin yara, shara, girki, wanki, wataƙila da 'yar sana'arta ta cikin gida. Abin da take da shi nata na kanta a duk yinin nan, wanda ba na miji ba ne ba na yara ba, shi ne lemo mai sanyi ɗaya da cincin bayan kowa ya kwanta. Za ka iya cewa sukari ne, kuma sukarin ne. Amma shi ne kuma hutunta. In ka ƙwace shi ba ka ba ta komai a madadinsa ba, duk abin da take dannewa da shi zai taso. Wasu mutanen damuwar tana nan tun da, abinci ne ya lulluɓe ta, rage cin ya yaye bargon kawai.

Ga bakin mutane. Shekara da shekaru a wurinmu ƙiba alamar hutu ce, in amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba sai an tambayi ko lafiya. Har yau akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" don su yi jiki, waɗanda wasunsu magungunan asibiti ne masu kumbura mutum su kuma birkita masa hali da barci. Yanzu kuma waya ta zo da wani ma'aunin, na shafaffen ciki. Sai mace ta tsinci kanta a tsakiya. Ta yi ƙiba a ce ta saki jiki, miji zai hango waje. Ta fara raguwa ta shiga gidan suna a tare ta da "Ke kuwa lafiya? Kin rame! Ko kishiya za a yi miki?" Wata ma a koma gefe ana raɗa ko wani ciwon ne. Ta dawo gida da yunwa da wannan magana a ranta, sannan a yi mamaki don ta fashe da kuka a kicin.

Masu shayin rage teɓa kuwa, Allah Ya shirye su. Da yawa daga cikin kayan nan filasko ne aka sa masa kwali mai kyau. Gudawa yake sa ki, ruwa da gishirin jiki su zube, sikeli ya sauka, ke kuma ki kasa ɗaga kai. Wasu kuma abin da ke ciki ya fi haka. Akwai maganin rage ƙiba mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla". Wani maganin, rimonabant, an amince da shi a Turai a 2006, yana kashe sha'awar abinci sosai, amma a 2008 aka dakatar da shi saboda yana jefa masu shansa cikin ciwon damuwa har da tunanin kashe kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa igiyar son abinci da igiyar walwala a ƙwaƙwalwa a ɗaure suke wuri ɗaya. Ka ja ɗaya da ƙarfi, ɗayar ta motsa.

"Wannan ai matsalar masu ƙoshi ce"

Wani abokina da na ba shi labarin dariya ya yi, ya ce tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 gwamnati ta sa kowa a tsarin rage ƙiba kyauta, ga tafiyar ƙafa ga ci sau ɗaya. Na yi dariya, don akwai gaskiya a ciki. Amma ciwon suga da hawan jini ba sa duba aljihu. Abin da ya fi araha ya cika ciki yau shi ne garin kwaki da sukari, taliya, burodi da lemon leda, kuma mai ƙaramin ƙarfi in likita ya ce ya bar su, shi ne ma ya fi shiga uku, don ba shi da kuɗin kifi da ƙwai da zai maye gurbinsu. Shi "rage abinci" a wurinsa yana nufin zama da yunwa kai tsaye.

Kuma in mun yarda yunwar da mutum ya ɗora wa kansa tana sa shi faɗa da iyalinsa, sai mu sake duban yawan rigingimun da ke gidajen da yunwar ba zaɓi ba ce. Wannan wani zancen ne na daban.

To sai mu zauna da tumbinmu?

A'a. Likitan Yaya ya yi gaskiya, abin da bai yi ba shi ne bayani. Na san layin da ke ƙofarsa, na san minti nawa yake da shi ga kowane marar lafiya. Duk da haka jimla biyu ba za su gagare shi ba: a hankali za ka yi, kuma in ka ji ranka yana ɓaci ko barci ya ƙaurace, ka dawo. Ga wanda ya riga ya fara shan maganin suga ko allurar insulin ma abin ya wuce ɓacin rai. In ya rage ci ya ƙara gudu ba a daidaita masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa, ya hau rawar jiki da gumi da faɗa marar dalili, har ya suma.

Abin da ake buƙata bai kai yadda muke tsoro ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga irin Yaya, ya sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako. Wannan ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ke nan, kuma a cikin watanni, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Ba sai an rabu da tukunyar gida ba. Malmala uku ta koma biyu, miya ta fi tuwo yawa. Dawa da gero da acha su karɓi wasu ranakun daga hannun farar shinkafa. Wake yana nan, alale yana nan, kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli yana nan, nono ba sukari yana nan. Cokali huɗu na sukari a shayi ya koma uku, bayan mako biyu ya koma biyu. Goro a rage shi ɓari-ɓari. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, yadda in rai ya ɓaci za ka san wanne ne ya jawo. Kuma a je majalisa, a ci tsinke ɗaya maimakon biyar.

Sai dai akwai iyakar da ya kamata kowa ya sani. Ƙuncin sauyin abinci yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko da zarar an ci an yi barci. In kuwa mutum ya kai mako biyu kusan kullum ransa a ɓace, abin da yake so da ya daina burge shi, yana ganin kansa ba shi da amfani, ya koma cin abincin ma abin bai tafi ba, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. In har ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, ba a jiran mako biyu, ran nan za a kai shi asibiti. Haka yarinyar da ta fara ɓoye abinci, ko take sa yatsa a maƙogwaro bayan ta ci, ko al'adarta ta ɗauke saboda rama.

Matsalarmu ita ce da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai mutumin Kano ya ce "ni za ka kai Dawanau?", na Kaduna ya ce Barnawa, na Sakkwato ya ce Kware. Sunayen asibitoci sun zama zagi. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma a bakinmu har yanzu tsohuwar ce ke aiki. Mutum ya yarda ya ce yana da suga, ya yarda ya ce yana da hawan jini, har da ɗan alfahari, amma ya ce zuciyarsa ta yi nauyi sai ya ga kamar ya tsiraita.

Ran nan ban yi wa Yaya wa'azi ba, ƙani ba ya yi wa wa wa'azi. Na aiki yaro ya sayo ƙosai da koko, na zauna kusa da shi na fara ci, na tura masa kwanon. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai dai ba ka son in rage tumbin nan." Na ce, "Yaya, ina so, amma ka ga 'yar auta tun da na zo ba ta fito ba." Bai ce komai ba. Ya ɗauki ƙosai ɗaya.

Yanzu wata biyu ke nan. Ya bar gidan ƙarfen, yana tafiya da ƙafa zuwa wani masallaci mai ɗan nisa da asuba da isha, ya koma majalisa, goro ɓari ɗaya bayan azahar. Kilo biyu daga cikin ukun nan sun dawo a makon farko, abin ya ba shi haushi ƙwarai, daga baya suka sake sauka da wani ɗaya a kai. Matarsa ta koma kirana mijinta. Sai dai ta ce har yanzu wasu dararen takan farka ƙarfe uku ta gan shi zaune a bakin gado, shiru, fitila a kashe. Na yi masa maganar ganin likita sau biyu yana cewa sai an yi albashi. An yi albashin shekaranjiya, na ce masa ranar Talata zan zo da mota.